Darasin Gandhi Ga Azuzuwan Machina Da Nguru Da Gashuwa

Duk wanda ya yi sakandare a Arewa cikin shekarun 1970 zuwa farkon 1980, da wuya a ce bai taɓa zama gaban malami Ba'indiye ba. Su ne suka riƙe darussan lissafi da kimiyya a makarantu da yawa, lokacin da namu malaman ba su wadata ba. Yau kuwa in aka ambaci Indiya, fim ne ke faɗo wa matashi a rai, magidanci kuma asibiti. Ina ganin mun baro wani abu a can da ya fi waɗannan amfani gare mu, wato muhawarar da Indiyawa suka tafka tun kafin su sami 'yancin kai a kan tambaya guda: wace irin makaranta ce ta dace da ɗan manomi a ƙauye, inda gwamnati ke kukan rashin kuɗi, iyaye kuma ba su ga abin da karatun ke tsinana musu ba? Amsar da Mahatma Gandhi ya bayar a 1937 tana da gyara, kuma zan faɗi inda gyaran yake. Amma in ka ajiye ta kusa da halin da makarantun firamare na arewacin Yobe ke ciki, sai ka rantse da mu ake.

Gandhi ya fara gwada ra'ayinsa da hannunsa kafin ya rubuta shi. A Afirka ta Kudu, a gonar da suka raɗa wa sunan Tolstoy kusa da Johannesburg, wadda aka kafa a 1910, ya tara 'ya'yan mabiyansa, Hindu da Musulmi da Kirista, yana koyar da su da kansa. Da safe a shiga lambu, a koyi ɗinkin takalma da kafinta da girki, da rana a zauna karatu. Dokar wurin ita ce malami ba ya sa yaro aikin da shi kansa ba ya yi. Shekara 27 bayan haka, da jam'iyyar Congress ta karɓi ragamar wasu larduna na Indiya ƙarƙashin Turawan Ingila, ya rubuta shawararsa a jaridarsa mai suna Harijan, sannan aka kira taron masana ilimi a garin Wardha ranakun 22 da 23 ga Oktoba, 1937. Taron ya tsaya a kan abu huɗu: kowane yaro ya sami karatun shekara bakwai kyauta kuma tilas, a koyar da shi da harshen da ya tashi da shi, a gina karatun gaba ɗaya a kan wata sana'ar hannu ta yankin, sannan a hankali abin da makaranta ke samarwa ya riƙa biyan albashin malami. Wanda aka ɗora wa tsara manhajar Musulmi ne, Dakta Zakir Husain, shugaban Jami'a Milliya Islamiyya ta Delhi, wanda ya zama shugaban ƙasar Indiya a 1967. Tsarin ya shahara da sunan Nai Talim.

Batu na uku shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Gandhi bai ce a ƙara darasin sana'a a jadawali ba. Cewa ya yi a bi ta cikin sana'ar a koyar da sauran darussan. Misalin da ya fi so shi ne auduga da mazari. Yaro zai gurza auduga ya shiɓe ta ya kaɗa zare. Yana ƙirga zagayen zaren da ya kaɗa, ya shiga lissafi ke nan. In ya tambayi inda audugar ta fito da irin ƙasar da take so, an shiga ilimin ƙasa da na tsirrai. In aka kai ga dalilin da ya sa masaƙan ƙauyensu suka talauce bayan yadin masana'antun Ingila ya cika kasuwa, an shiga tarihi, kuma tarihin da ya shafi tukunyar gidansu. Hannu na aiki, kai na tambaya, malami na tsaye yana ɗaure wannan da wancan.

Mu ma ai mun sha jin maganar sana'a a makaranta. Tun makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 akwai sashen koyon sana'o'i, sai dai an ware shi daban, 'ya'yan sarakuna kuma ajinsu daban. Da aka zo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo injinan koyon fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa ƙananan sakandare, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda babu lantarki babu malamin da ya san kansu. A firamare kuwa kowa ya san abin da darasin aikin hannu ya koma a wurare da dama: ƙarshen zango uwa ta sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa, yaro ya miƙa, a ba shi maki. Duk waɗannan rataya sana'a aka yi a jikin makaranta, makarantar kuma tana nan yadda take, malami na rubutu a allo da Turanci yara na kwafa.

To mu dubi yaron Machina. Garin na can ƙurya a arewa maso yammacin Yobe, dab da iyakar Nijar, gindin duwatsunsa. Damina gajera ce, in ta yi wata uku an gode Allah. Yaro ɗan shekara goma a ƙauyukan wannan yanki ya san bambancin gero da maiwa tun suna tsiro. Ya san lokacin da ake ɗiban ƙaro, ya san akuyar da ke da ciki, ya san rijiyar da ke ƙafewa kafin bazara ta yi nisa, yana iya ba ka canjin naira da sefa ba tare da ya riƙe biro ba. Ranar da ya taka ƙofar aji, duk wannan sai a ajiye shi waje tare da takalmansa. A ciki za a koya masa sunayen abubuwan da bai taɓa gani ba, da harshen da babu mai yin sa a gidansu. Bayan shekara shida, sau da yawa bai iya karanta wasiƙa da Turancin ba, bai iya da Hausa ba, gonar ma ya fara jin ta fi ƙarfinsa ko shi ya fi ƙarfinta. Uban da ya ga haka a kan ɗansa na fari, in ya hana na biyu zuwa, kafin mu kira shi jahili ya kamata mu tambayi kanmu me muka nuna masa.

Yanzu a ɗauki malamin aji huɗu ko biyar da ya fahimci abin da Gandhi ke nufi. Ba ya buƙatar injin daga waje. Ya sa yara su ƙirga ƙwayar gero ɗari su jiƙa a tsumma, bayan kwana kaɗan su ƙirga nawa suka tsiro. An koyi kashi cikin ɗari, kuma an koyi yadda ake gwada iri kafin a zuba shi a ƙasa, abin da zai iya ceton gonar uban yaron a shekarar da ruwan fari ya yaudari mutane. Ya kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a filin makaranta, duk ranar da aka yi ruwa a auna da rula a rubuta. Cikin 'yan shekaru makarantar ta mallaki tarihin ruwan saman ƙauyenta, wanda babu shi a kowane ofis. Kowace ranar kasuwa yara biyu su dawo da farashin mudun gero da na wake da na riɗi, a jera a takarda daga kaka zuwa bazara. Da idonsu za su ga yadda farashi ke hawa, su lissafa asarar wanda ya sayar da hatsinsa a kaka don biyan bashi, ya dawo yana awo a tsakiyar damina. Yarinyar da ke saƙa tabarmar kaba da mahaifiyarta ta riga ta san tsawo da faɗi, saura a nuna mata yadda ake rubuta su a ninka. Kowane ɗayan waɗannan kuma sai an rubuta rahotonsa a karanta wa aji, nan karatu da rubutu suka shigo.

Nguru ta fi ma wadatar abin koyarwa. Garin ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano ya iso a 1930, kuma jirgin ne ya mai da shi cibiyar gyaɗa da fatu da shanu da ƙaro, ya tara masa baƙi daga ko'ina. Ga dausayin Haɗeja da Nguru a bakin ƙofa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a shekarar 2000, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu, musamman wajen Dagona. Ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki. Me ya kawo ta? Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya canja. Kogin da a da yake cika ya janye, ya bar ƙasa ta bushe, sai ya koma yana kwance a wasu wuraren duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da kacalla ke so. Ɗan masunci a Nguru ko ɗan Bade a Gashuwa yana kallon wannan kullum, mahaifinsa na kuka da shi kullum. Darasin kimiyya da ya fara daga nan ba zai buƙaci bulala ba kafin yaro ya saurara.

Wani zai ce wannan baƙon tunani ne daga ƙasar da ba addininmu ɗaya ba. Ni kuwa ina ganin mutanen gabas sun fi kowa saninsa. Tun zamanin kakanni, Bahaushe in ya ce ɗansa ya tafi gabas, karatun Alƙur'ani yake nufi, kuma Nguru da Gashuwa da Geidam na cikin garuruwan da ake nufa. A tsangaya ta asali, almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa da ƙaro, ya wanke allonsa. Da damina ana noma gonar malam a ci abin da aka noma. Gardi na ɗinkin hula ko saƙar igiya yana tilawa, har ya kai ga rubuta Alƙur'ani da ka, da hannunsa, ya yi masa zayyana. Karatu da aiki da tarbiyya a wuri guda suke, malam kuma yana zaune cikin yaransa dare da rana. Abin da ya lalata tsangaya a yau shi ne rabuwarta da gona, ta koma gari, bara ta maye gurbin noma. Makarantar boko kuma tun asali ba ta taɓa haɗuwa da gonar ba. In za a yi gyara, gyaran iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kuma hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa a 2023 za ta fi cin riba in ta fara daga nan maimakon daga gine-gine.

Maganar harshe tana da sarƙaƙiya a wannan yanki, bai kamata mu masu rubutu da Hausa mu yi kamar ba mu sani ba. Yaron Machina na iya tashi da Manganci, na Gashuwa da Badanci, na ruga da Fulatanci, Hausa kuma ita ce ta haɗa su a kasuwa. Adalci shi ne a fara da harshen da mafi yawan yaran ajin ke ji, ko wanne ne, a koyar da Turanci a matsayin darasi da kyau tun daga farko. Ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Kayan aiki ma an fara: masanin harshe Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan Yobe sun fitar da ƙamus na Badanci da na wasu harsunan jihar. Abin da ya rage shi ne littattafan aji da malaman da za su riƙe su.

Yanzu ga inda na rabu da Gandhi. Batun cewa aikin yara ya biya albashin malami, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Tun a wancan lokacin an yi masa ca a kai, kwamitin Zakir Husain ma ya yi gargaɗin kada neman riba ya danne karatu. Duk inda cikin malami ya dogara da yawan abin da yara suka samar, makarantar ta zama gandu, yaran kuma 'yan ƙwadago. Mu da muka ga yadda wahalar ciyar da kai ta jefa almajirai a titi, bai kamata a sake gaya mana ba. Albashi haƙƙi ne a wuyan gwamnati, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma haka ta ce, karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas. Abin da lambun makaranta ya bayar, yara su ci, ko a sayi alli da irin baɗi.

Rabindranath Tagore, mawaƙin Bengal da ya ci kyautar Nobel a 1913, ya kafa tasa makarantar a Santiniketan tun 1901, inda ake karatu a gindin bishiya. Yana girmama Gandhi, amma ya ƙi yarda a mai da kaɗin zare wajibi a kan kowa, kuma yana ganin yaro na da haƙƙin wasa da waƙa da zane ko da ba za su kawo ko sisi ba. A nan ina bayansa. Yaron da ya taso da sukuwar dawaki da kokawa a bikin shekara na Machina, ko bikin kamun kifi na Bade, akwai abin da ransa ke buƙata wanda ba a auna shi da mudu.

Haɗari mafi girma shi ne a wayi gari an yi makaranta iri biyu, ta fartanya ga ɗan talaka, ta likitanci ga ɗan mai hali. A Indiya an ga haka. A 1953 gwamnatin lardin Madras ƙarƙashin Rajagopalachari ta kawo tsarin da yaran ƙauye za su yi rabin yini a aji, rabin su koyi sana'ar iyayensu. Jama'a suka ce wannan dabara ce ta ɗaure ɗan mai wanki a kan wanki har abada, aka yi ta bore, a 1954 ya sauka daga mulki. Makarantun Nai Talim kansu sun yi ta dusashewa, domin manyan da ke yabonsu a bainar jama'a 'ya'yansu na makarantun Turanci, kuma bayan rahoton kwamitin ilimi na Kothari a 1966 abin ya koma ɗan darasin aikin hannu a gefe. Mu ma muna da sana'o'in gado da ake yi wa kallon raini, har a hana aure saboda su. Don haka in za a yi, ɗan sarki da ɗan maƙeri su riƙe fartanya ɗaya, su kuma zauna jarrabawa ɗaya. Gashuwa ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda da ya ɗauke mutane masu yawa. Garin na buƙatar likitoci da masana sinadaran ruwa daga cikin 'ya'yansa, kuma yaron da ya saba auna ruwan sama da gwada iri tun yana aji huɗu ya fi kusa da zama irin wannan masanin a kan wanda ya haddace ma'anar kimiyya bai taɓa gwada komai ba. Sana'ar ma ba dole ta tsaya a ta jiya ba. Injin ban-ruwa da farantin sola da wayar hannu duk sun shiga rayuwar ƙauye, kuma kowannensu cike yake da lissafi. Indiya da kanta ta waiwayi abin da ta yar: manufar iliminta ta 2020 ta tanadi kwana goma da yaran aji shida zuwa takwas za su ajiye jaka su zauna wurin kafintoci da magina tukwane da masu lambu.

Ba na ɓoye cewa Gandhi na da tabo a idon ɗan Afirka. Abubuwan da ya rubuta game da baƙar fata a farkon zamansa a Afirka ta Kudu munana ne, su suka sa aka cire gunkinsa daga Jami'ar Ghana a 2018. Wannan gaskiya ne, kuma bai hana mu ɗaukar abin da ya gano game da yaro da aiki ba.

Yobe ta biya karatun boko da jini. Harin makarantar Mamudo a 2013, na Buni Yadi a 2014, sannan 'yan mata 110 da aka kwashe a Dapchi, kan hanyar Damaturu zuwa Gashuwa, a Fabrairun 2018. Iyayen da suka mayar da 'ya'yansu aji bayan duk wannan sun cancanci makarantar da za ta ba su abin da za su gani. Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a 2019, an kuma yi gine-gine. Gini na da amfani, yaro ba ya karatu cikin iska da rairayi. Sai dai abin da nake magana a kai yana hannun malami ne, shi ya sa nake ganin aikin zai fara daga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa. Koyarwa ta hanyar aiki ta fi koyarwa daga littafi wuya nesa ba kusa ba, domin sai malami ya san lissafin ya kuma san gonar, sannan ya iya gano inda suka haɗu. Rashin irin wannan malamin na cikin abin da ya kayar da tsarin a Indiya. Ɗalibin kwalejin da zai fita gwajin koyarwa, a sa shi ya tsara darasin mako guda a kan gero ko kifi ko kaba, a auna shi a kan haka. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013 tana da tsangayar aikin gona, kuma hukumar raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwa da ke kusa da garin ta shafe shekaru tana aikin dashen itatuwa da rijiyoyi a ƙauyuka. Masanan suna nan kusa, ba a dai haɗa su da malamin firamare ba.

Akwai kuma matsalar kalanda da ba a cika magana a kanta ba. Dogon hutu na faɗowa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da gero ke girma. Gonar makaranta, in ma akwai, ana shuka ta a kulle aji, a dawo a tarar ciyawa da dabbobi sun gama da ita. Jiha na da ikon gyara zangon karatun firamarenta. In hakan ya yi nauyi, a fara da abin da rani ke iya ɗauka: renon dashen ƙaro da dogon yaro a leda, ɗan lambu kusa da famfo inda akwai ruwa, kiwon akuya biyu, rubuta farashin kasuwa. A zaɓi makarantu kaɗan a Machina da Nguru da Bade, a tura musu malaman da aka horar, a biya su a kan lokaci, a ba abin shekara shida cif, sannan a gwada yaran a karatu da rubutu da lissafi tare da na sauran makarantu, a buga sakamakon kowa ya gani. Cikin makarantun da za a zaɓa kuma lallai a sa waɗanda 'ya'yan hakimai da na manyan ma'aikatan ƙaramar hukuma ke zuwa.